Ranar da Yaya Ta Yi Arziki

A benenmu kowa Yaya yake ce mata, har tsohon da ke gadin ƙofa, wanda a shekaru ya isa ya haife ta. Ɗakinta yana kallon nawa a hawa na uku, ƙofa da ƙofa. Ciki da falo ne, falon kuwa idan mutum ya yi miƙa da gaske sai ya taɓa bango biyu. Abin da ke ciki bai wuce ledar ƙasa da ta koɗe ba, da keken ɗinki, da wani tebur mai ɗingishi da ake tokare ƙafarsa da guntun katako, sai kuma yara. Yara kam ba a rasa su a ɗakin Yaya, ko da yake ko ɗaya ba ita ta haifa ba. 'Ya'yan ƙannenta ne, su ukun nan da ta yi wa makaranta da wannan keken har suka zama mutane: Lauya, da Manaja mai aikin banki, da Auta mai sayar da turare ta waya.

Kullum da sassafe motocinsu za su tsaya a ƙasa, a turo yara sama, a danna hon, wai gaisuwar ke nan. Yaya ta wanke wannan, ta ciyar da wancan, ta raba faɗa, ta koya musu baƙaƙe da waƙa, ƙafarta kuma na kan keke. Da yamma a sake danna hon ta sauko da su. Ban taɓa jin an ce mata ga na sabulu ba. Manaja ne dai yake yawan tuna mata cewa ladanta na wurin Allah, kamar shi aka ba ajiyarsa.

Ni a shagon buga takardu nake aiki, daf da ƙofar kwalejin horar da malamai, saboda haka ni na fara sanin Yaya ta zauna jarrabawar shiga a ɓoye, kuma ta ci. An ba ta gurbin karatun koyar da ƙananan yara, aikin da ta yi shekara da shekaru tana yi kyauta. Ranar da sunanta ya fito ta zo shagon, ta ce in ƙara masa girma, na ƙara, ta ce in ƙara. Sai da sunan ya cika fuskar kwamfutar sannan ta yarda nata ne. Abin da ya rage shi ne kuɗin makaranta, wanda ko za ta taka keken nan har ƙafarta ta cire ba za ta haɗa shi a kan lokaci ba. Duk wanda bai biya ba kafin ƙarshen wata, gurbinsa ya tafi.

Muka shiga neman tallafi. Wanda bai taɓa nema wa babba tallafin karatu ba bai san raini ba. Wannan ya ce sai matasa, wancan ya ce sai mai buga ƙwallo, wani ya ce sai maraya. Da na ce musu ai marainiya ce, suka ce maraicin da ya tsufa ba ya cikin lissafi. Da ƙyar muka samo wata gidauniya da ke taimaka wa manya masu komawa aji. Ita ma tana da iyakar shekaru, kuma bana ce damar Yaya ta ƙarshe, baɗi ta haye. Sharaɗinsu shi ne za su turo mutum har gida ya gani da idonsa ko mai nema yana cikin buƙata. Na ce mata in dai wannan ne ta ci ta gama, ta bar ɗakin nan yadda yake, shi zai yi mata magana.

Kuskuren da ta yi shi ne ta faɗa wa ƙannenta, don Yaya ko allura ta saya sai sun ji.

A ranar suka hau benen su ukun, abin da rabon su da yi har na manta. Lauya ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ledar ƙasa kamar yau ta koɗe. Manaja ya ce shi fa shugaban gidauniyar nan a bankinsu yake ajiya, kullum suna gaisawa hannu da hannu, yanzu a je a ce masa ga inda yayar Manaja take kwana? Auta ta dafe ƙirji ta ce irin mutanen nan hotuna suke ɗauka su watsa, ita da take sayar wa manyan mata turare ina za ta sa kanta. Yaya ta ce a hankali, ai buƙatar suke so su gani.

"Yaya, ke ba ki san harkar kuɗi ba," in ji Manaja. "Mu a banki, wanda ya shigo da takalmi mai ƙyalli shi ake ba wa. Mai silifa sai dai ya sha sanyi ya fita. Ki bar mana komai, mu za mu fitar da ke kunya."

Na leƙo daga ƙofata na ce gidauniya ba banki ba ce. Lauya ya dube ni sama da ƙasa ya ce maganar ta 'yan uwa ce.

Ana gobe zuwan baƙuwar gidauniya sai ga motar ɗaukar kaya ta toshe layinmu. Ga fararen kujerun fata na matar Manaja, waɗanda ko shi ba a barin sa ya zauna a kai. Ga firji mai ƙofa biyu daga gidan surukar Lauya, ga talabijin ɗin Auta mai faɗin ƙofa, ga kafet, ga tankin gilashi mai jan kifi ɗaya daga ofishin Lauya. Har da keken motsa jiki, wanda ba wanda ya yarda nasa ne don tumbinsa zai ƙaryata shi. Doguwar kujerar ta ƙi hawa matakala, aka ɗaure ta da igiya aka jawo ta baranda, tana lilo a sama, 'yan layi sun yi cirko-cirko kowa na ba da shawara.

Don a sami wuri aka kwaso keken ɗinki da tebur mai ɗingishi da butar shayi aka jibge a ɗakina, ba tare da an tambaye ni ba. Da aka gama jere, ƙofar falon ba ta buɗewa sai rabi, sai mutum ya shiga a kaikaice yana riƙe numfashi. Soket ɗaya ne a falon, aka yi gardama tsakanin firji da talabijin da kifi, kifi ya yi nasara don shi ne mai rai. Sauran biyun suka tsaya don ado. Abin da ya fi ba ni mamaki a duk hidimar nan shi ne washegari ba a kawo yaro ko ɗaya ba. Ashe akwai inda za a kai su in an ga dama.

Auta ta zo da akwatin kwalliya ta zaunar da Yaya. Ta sa mata leshi mai nauyi, da awarwaro har gwiwar hannu, da gashin ido na kanti wanda in Yaya ta ƙifta sai ta yi da gaske kafin idon ya sake buɗewa. Ta fesa mata turare har kifin ya koma lungu. Yaya ta ɗosana a bakin farar kujera, hannu a cinya, kamar wadda ta zo neman aiki gidan masu kuɗi.

Baƙuwar wata siririyar mata ce mai tabarau, takalminta ya sha tafiya, da gani a motar haya ta zo. Ta matso ta rabin ƙofa, ta dubi firji, ta dubi talabijin, ta dubi kifi, sannan ta koma waje ta sake duba lambar ɗaki. Ni kuma na shigo da shayi, tunda butar tana wurina. Ban kai ga ajiye faranti ba na ji Auta na cewa wannan mai aikin Yaya ce. Wallahi saura ƙiris in juye mata shayin a jaka. Yaya ta ɗago min ido ta ƙarƙashin gashin nan, kallon roƙo, na haɗiye.

Mai tabarau ta tambayi Yaya da me take rayuwa. Yaya ta buɗe baki, Lauya ya riga ta. Ya ce Yaya da aiki, suna raye? Ɗinkin ai na nishaɗi ne, don kada zama ya ishe ta. Aka tambayi kuɗin haya, Manaja ya yi dariya yana kaɗa makullin mota, ya ce waɗannan ƙananan abubuwa ba sa bari su kai kunnenta. Ni da na san yadda Yaya ke ɓuya a bayan ƙofata in mai gidan haya ya hau, na ji jini na hau min kai. Sai matar ta tambaya, in gidauniya ba ta ba ta ba, akwai mai biya mata? Nan fa aka kusa dambe. Manaja ya ce shi kaɗai ya isa. Lauya ya ce shi ne babba a maza, ba zai yarda ƙanensa ya riga shi ba. Auta ta ce littattafai da kwamfuta a bar mata. Sun nemi tallafin ne kawai, in ji Lauya, don a ƙarfafa wa gidauniyar gwiwa.

Matar ta shafa hannun kujera ta ce kayan masu kyau ne, na wane ne?

"Nata ne duka," in ji Manaja. "Mu muka saya mata."

"Halak malak," in ji Lauya, yana gyara wuyan riga. "Ranki ya daɗe, ni lauya ne. Kyautar da aka furta a gaban shaidu ta bayu, ko wanda ya bayar ba shi da ikon waiwayarta."

Daga nan matar ta nemi ruwan sanyi. Manaja, da yake ya shiga wasan har ya manta wasa ne, ya miƙe da fara'a ya wangale firjin. Takalman yara suka zubo, da ƙyallayen ɗinki, da fo na kashin yara, duk abin da Auta ta rasa inda za ta ɓoye. Fon ya gangara har gaban mai tabarau ya tsaya. Auta ta ce sabon firji ne, ana gwada shi tukuna.

Matar nan ba yarinya ba ce. Ta cire tabarau ta goge, ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci Yaya.

"Malama, ke nake tambaya, ba su ba. Ƙannenki suna ɗauke da nauyinki?"

Yaya ta dubi Lauya, zufa na bin wuyan rigarsa. Ta dubi Manaja, ya daina kaɗa makulli. Ta dubi Auta, ta yi tsuru-tsuru. Tun suna ƙanana aikinta ke nan, su yi ɓarna ita ta tsaya a gaba ta rufa musu asiri, kuma ba ta iya wani abu ba sai shi.

"Suna ƙoƙari," ta ce.

Na bi matar har matakala na zazzage mata komai, na ce ni ba mai aikin kowa ba ce, ta zo ta ga keken a ɗakina. Ta ce ta yarda da ni tun daga fon. Amma ba za ta iya kai rahoton abin da mai nema ta ƙi faɗa da bakinta ba, ga kuma 'yan uwa uku na rige-rigen biya. Ta mayar da tabarau ta ce, "Baiwar Allah, gidajen da suka rage min in shiga yau, wasu ko mai yi musu ƙarya ba su da shi." Da na koma sama na tarar ana tafawa, Manaja na cewa yau kam sun fitar da Yaya kunya.

Ba a daɗe ba saƙo ya shigo wayarta. An gode mata, an taya ta murnar samun dangi masu tsaya mata, tallafin kuma an ba wa wani. Ta ce min ba komai, ai yaran sun ce za su biya. Har ranta ta yarda da haka, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai.

Ta fara da Lauya a ofishinsa. Ya sa aka kawo mata lemo, ya bayyana mata cewa maganar da aka yi a gaban baƙo karramawa ce, ba alkawari ba, kuma a doka akwai tazara mai faɗi tsakaninsu. Manaja ya ce ta zo a mummunan lokaci, tayoyin motarsa duk sun suɗe. Ya ƙara da cewa shi a ganinsa karatu a waɗannan shekarun wahalar da kai ne, ta je ta zauna aji da yara ana mata dariya, su kuma a ce sun kasa riƙe ta. Auta kuwa kuka ta fashe da shi, ta yi ta yi har Yaya ta koma lallashinta, da ta natsa kuma ta tambaya ko za a riƙe mata yara ranar Asabar. A cikinsu Lauya ne kaɗai gaskiya ta suɓuce wa, yana rako ta bakin ƙofa. Ya ce, "To wai ma Yaya, in kina tafiya makaranta da safe, yaran fa?"

Kaya kuwa suna nan daram. Kowa ya ce ɗan uwansa ne ya kamata ya biya motar mayarwa tunda shi ya biya ta kawowa, kuma duk su ukun sun rantse su suka biya ta kawowa. Aka bar wa Yaya gadi. Matar Manaja ta aiko da leda aka lulluɓe kujeru, da umarnin kada yara su hau, yaran kuwa har da nata. Kada a taka kafet, kada a taɓa talabijin, kada a jingina da firji. Yaran suka koma wasa a ɗan lungun da ke tsakanin ƙofata da tata, Yaya na tsaye a kansu. Lauya ya shiga kiran waya safe da yamma, abin da bai taɓa yi ba, yana tambayar ko an ba kifi abinci, kuma kada a cika masa.

Keken ɗinki babu inda za a mayar da shi. Masu kawo gyaran kaya suka leƙa ta rabin ƙofa, suka ga fararen kujeru, suka juya da kayansu, wai su ba za su kawo wa hajiya facin wando ba. Mai gidan haya ya hau ya leƙa shi ma, ya sauka ya ƙara kuɗi. Har mai gadi ya fara tsayawa yana sosa ƙeya in ta zo wucewa. Firjin ya tare rabin ƙofar uwar ɗaka, kullum sai ta gurje ƙugu kafin ta shiga. Ta rame, dariyar nan tata da ake ji har hawa na ɗaya ta ɗauke, ƙarshen wata kuma na ta matsowa. An hana mace tallafi saboda kujerun da aka hana ta zama a kai.

Ranar Juma'ar ƙarshe ta wata matar Manaja ta zo duba kayanta, ta ɗaga leda ta ga ɗigon biro a hannun kujera. Ɗanta ne ya yi, kowa ya sani, amma a kan Yaya ta sauke, ta ce dama ina ta saba da abu mai kyau balle ta san darajarsa. Yaya ta ba ta haƙuri. Da na dawo daga aiki da yamma na same ta a kan keken motsa jiki, don shi kaɗai ne abin zaman da ba a kafa wa doka ba. Tana takawa a hankali, irin takun keken ɗinki, idonta na kan kifi. Na tsaya na rasa ko dariya zan yi ko kuka.

"Maƙwabciya," ta ce, ba ta daina takawa ba, "ranar nan me Lauya ya ce game da kyauta?"

Na maimaita mata yadda ya faɗa.

"Kuma kina wurin?"

"Ina wurin mana. Ba ni ce mai aiki ba?"

Ta ɗan ƙara taku, sannan ta tsaya. "Ni ban yi karatu ba, shi ya yi, ba zan ƙaryata shi ba. Kira min dillalin nan na bakin kasuwa."

Washegari igiya ta sake aiki. Doguwar kujera ta sauka ta baranda yadda ta hau, 'yan layi suka sake fitowa da shawarwarinsu. Dillali ya kwashe kujeru da firji da talabijin da kafet, har keken motsa jiki, ya ce masu tumbi ba sa ƙarewa a gari. Kifi ne kaɗai ya ƙi, ya ce shi ba ya sayen abin da ke cin abinci. Ya taya da mugun arha kamar yadda suka saba, na yi ta masifa, Yaya ta ce in bari, in dai ya kai kuɗin shekarar farko ya isa. Ya kai. Daga nan shagonmu muka wuce, na biya mata ta kwamfuta. Muka dawo muka mayar da keken ɗinki da tebur mai ɗingishi mazauninsu, ta share ledarta, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa ta ce wash.

Litinin da sassafe aka danna hon, yara suka hau, ba a jima ba suka sauka da gudu suna cewa falon Yaya ya dawo. Ban taɓa sanin Manaja na iya hawa bene da wannan saurin ba. Suka tarar da ƙofa a wangale har bango, Yaya na tsaye da 'yar jakar da ta ɗinka da ƙyalle. Manaja ya ce ina kujerun matarsa, muryarsa ta koma ta yaro. Auta ta zube a inda talabijin yake tana shafa bango. Lauya ya ce wannan laifi ne mai suna a doka, har ya fara ambato sashe.

Yaya ta bari suka gama. "Ashe ba nawa ba ne?" ta ce. "To ku yafe min, ban sani ba. Ku zo mu je wurin matar nan mai tabarau yanzu, ku faɗa mata aro ne, ba ku taɓa saya min ko tsintsiya ba. Manaja, kai kuma ka faɗa wa shugabansu, tunda kuna gaisawa. In sun ba ni tallafin, sai in fanso muku kayanku."

Lauya ya shiga gyara wuyan rigarsa. Manaja ya dubi takalminsa mai ƙyalli. Ban ga wanda ya nufi matakala ba.

Yaran ne suka kusa karya ta. Suka riƙe mata zane suna tambayar ina za ta, ƙaramar cikinsu ta ɗaga hannu a ɗauke ta. Yaya ta durƙusa ta gyara wa wannan maɓalli, ta share wa wancan hanci, hawaye na zuba ba ta share nata ba. Sannan ta ɗauki ƙaramar ta miƙa wa Auta, wadda ta karɓi 'yarta kamar an ba ta ajiyar wani. Ta ce a aji ake jiran ta, ta kulle ƙofa ta sauka.

Kafin mako ya zagayo dangi na nesa da na kusa sun ji labari, amma ba wannan da na ba ku ba. An ce Yaya ta cinye kayan amana, an ce karatu ya taɓa mata kai da tsufa, an ce wata maƙwabciya ce ke zuga ta, wannan kam na karɓa hannu biyu. Ba wanda ya tambayi yadda aka yi kayan amanar suka hau hawa na uku da igiya. Yaran an kai su gidan raino mai ɗan karen tsada, kuma ba a taɓa jin tayoyin mota sun hana biya ba. Mutum uku da keke ɗaya ya yi wa digiri sun iya ciko mota da kaya don kada baƙuwa ta ga ledar 'yar uwarsu, alhali sun yi shekaru suna turo 'ya'yansu su zauna a kan ledar nan. Talaucinta bai taɓa hana su barci ba, a gan shi ne ba sa so.

Yanzu da safe tana aji, da yamma tana kan keke. Kuɗin shekara ta biyu ba mu san inda zai fito ba, shekaru sun rufe mata ƙofar gidauniya, kujerun sayarwa kuma sun ƙare. An daina danna hon a ƙasa, amma har yau in mota ta tsaya sai ta leƙa ta baranda. Jiya ina ɗakinta wayarta ta yi ƙara, ta ga sunan Lauya, karo na farko tun ranar nan. Ta miƙe tsaye, ta goge hannu a zane kafin ta ɗauka, fuskarta ta washe, ta ce, "Ƙanena." Ina kallon ta tana saurare, fara'ar na sauka a hankali. Ta juya ta dubi tankin gilashi.

"Lafiyarsa ƙalau," ta ce. "Ya ci abinci."